Yayen da Anko Ya Warware

Ku yi shiru haka nan, ku matso kusa. Mai tsaye ta zauna, mai goyo ta sauke, a ba ni aron kunne, in na ida zan mayar maku da abinku. Wannan da za ku ji ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya na iya magana. A kaina ta faru, tsakanin Mawashi da Kankiya, kuma har yau in na tuna ta sai in ji wuyana yana ƙaiƙayi.

Ni tun ina amarya baƙin zane nake ɗaurawa. Ba don rashi ba, ba kuma takaba nake ba. Allah Ya yi ni gajera, Ya yi ni da faɗi, Ya yi ni baƙa wuluk, kuma tun da wuri na leƙa ruwan randa na san abin da ya karɓe ni. Audugar gonarmu nake gurzawa, in shiɓe ta, in kaɗa zarena siriri, in aika wa masaƙi. In ya ida, maigidanmu ya kai marina a Kusada, a yi ta tsoma shi har ya yi baƙi yana ɗaukar ido, sannan a buge shi. Zanen nan in na ɗaura shi da safe, yana nan inda na aje shi har la'asar. In yi daka da shi, in jawo ruwa da shi, in yi goyo da shi. Da zafi yana shan gumi, da sanyi yana riƙe ɗumi. Yana da ƙamshin shuni wanda duk inda na zauna sai na bar shi a wurin. Kuma yana zuba, wannan ban ɓoye ba: duk ɗan da na goya sai an gan shi da shuɗin kumatu.

Kada ku ce ƙin sabon abu gare ni. Da riga ta shigo ƙauye na sa, mai yalwar wuya, don na ga sutura ce. Da takalmin roba ya zo na saya, na huta da ƙaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mani sa kaza don kowa ya sa.

Shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki, an kawo wata atamfa kore da fari, kowace mace sai ta ɗaura. Ni ma aka kawo mani. Na ɗaura na fito tsakar gida, maigidanmu ya ɗaga kai daga igiyar da yake tufka, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Lafiya dai? Ko jikin ne?" Na koma ɗaki na kwance ta, na ninke, na rufe kwanukana da ita. A nan ta yi kyau, a nan kuma ta tsufa.

Wadda ta kawo mani atamfar nan ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, autar ɗakinmu, don haka Auta nake ce mata. Doguwa ce, fara, mai dogon wuya. Ko buhu ta yafa sai ya yi mata kyau, shi ya sa ta ɗauka kyan daga tufar yake fitowa. Tana aure a Kankiya, mijinta direban motar katako, gidansu dab da babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Kowane sabon yayi in ya sauko daga mota, a ƙofar gidanta yake fara yada zango.

Sai yaƙi ya zo ya wuce, sai shekarun kuɗin mai suka shigo. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, rediyo ta cika gari, kwano ya hau kan gidaje. Tare da su wata al'ada ta iso wai ita anko: in ana biki, mai biki ta zaɓi yadi guda, dangi kaf su ɗinka shi, doguwa da gajera, fara da baƙa, yarinya da tsohuwa. Da na fara jin labarin na ce to wannan sojoji ne ko 'yan biki?

A daidai lokacin nan aka kawo mani yaye. Ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta don kunyar ɗan fari, ita ma a Kankiya take aure. Tana da 'yar yarinya a nono, ƙafarta ta fara ƙwari ke nan, sai ga shi uwar ta samu juna biyu tun ba ta yaye ba. Mu a wurinmu nonon mai ciki ba na sha ba ne, ɓata cikin yaro yake yi, ya zuge shi. Saboda haka aka naɗo yarinyar da sauri aka kawo mani Mawashi, lokacinta bai ida cika ba. Kun san yadda ake yi: a kai yaro wurin kaka, uwa ta ɓace mashi da gani har sai ya mance nono. In ya gan ta a tsakiya, aiki ya koma baya.

Jikar nan tawa, ƙawata nake ce mata. Kwanakin farko ta ƙi kowa ta ƙi komai. Na dama kunu ta ture, na dama fura da nonon da Bafillatanar bayan gari ke kawo mani ta furzar, aka amso rubutu wurin malam ta sha rabi ta zubar da rabi. Kuka har muryarta ta dushe. Abin da ya kwantar da ita ba dabarata ba ce, zanena ne. Wata rana ina goye da ita sai na ji shiru. Na leƙa ta kafaɗa, na iske ta kama bakin zanen ta cusa a baki tana tsotsa, hancinta a cikin ƙamshin shuni. Daga ranar nan, in hannunta guda na riƙe da bakin zanen, ɗayan zai amshi ludayi. Leɓenta ya yi shuɗi, harshenta ya yi shuɗi, amma tana ci. Har ta fara dariya, har ta fara bin kaji.

Ana nan sai ga Auta a motar mijinta, da ƙunshi a hammata. Za ta aurar da ɗiyarta.

Ta ce, "Yaya, ga naki. Kowa ya amshi nashi, ke kaɗai kika rage."

Na kwance ƙunshin. Wani yadi ne ruwan ɗorawa, yana walƙiya har sai da na ƙifta ido. Na ɗaga shi, ya sulɓe daga hannuna kamar tarwaɗa ya zube ƙasa.

Na ce, "Wannan na mene ne? Laima za a yi?"

"Kai, Yaya! Nailan ke nan. Ba ya yamutsewa, ba ya son guga, ki wanke yanzu ya bushe yanzu."

"Ni na taɓa kawo maki kukan guga?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta zaro rigar. Hannuwan rigar a kumbure kamar mafitsarar sa da yara ke hurawa ranar layya, wuyan kuwa a tsuke, jikin a tsuke. Na tambaye ta wa aka auna. Ta ce ai tela namiji ne, ba zai shiga gidajen mutane yana ɗora wa matan aure igiyar awo ba, don haka tsohuwar rigarta ta aika mashi, ta ce ya yanka duka a kanta, sai dai ya ɗan ƙara wa masu jiki. Ku ji fa. Ni da Auta, da ko inuwarmu ba ta yi kama ba, an yanka mana riga a ma'auni guda. Sannan ta fiddo takalmi mai tudu kamar an sassaƙo shi daga turmi. Wannan kam na ce ko a mafarki. Ta janye maganar takalmin da sauri, don ta ci ni a yadin.

Na ce mata ba ni zuwa, yaye gare ni, kuma uwar yarinyar tana gidan bikin.

Ta zauna ta kama kuka. Ta ce ni ce uwa babba tunda iyayenmu sun rasu, in ban zo ba wa zai yi wa amarya faɗa ranar tafiya? Ta ce dangin ango daga birnin Katsina za su zo, in suka ga yayar uwar amarya cikin baƙi za su ce ko makoki ake, ko kuwa kanmu a rabe yake. Sannan ta share hawaye ta kawo maganar da ta kayar da ni.

"Ai ankon ma taimakonki zai yi, Yaya. Mata duk iri guda, ta ina yarinya za ta tsinci uwarta? Kuma na ce wa ɗiyarki ta tsaya can ƙurya, kada ta gifta inda kike."

Maigidanmu daga bakin rumbu ya ce, "Ki je mana. Zumunci ne, kuma yini guda ne."

Yini guda. Haka ya ce, Allah Ya jiƙanshi.

Ranar biki na tafi da baƙin zanena a jiki, ƙawata a baya tana tsotsar bakinshi, ankon a ƙunshe a ka. Muna isa Auta ta ja ni ɗakinta. Sai da mata biyu suka taru a kaina kafin rigar ta shiga, ɗaya na ja ta baya, ɗaya na tura mani hannu. Da ta shiga, hannuwana suka ƙi sauka, suka tsaya a buɗe kamar kazar da ke shan iska da zafin rana. Na dubi madubin jikin kabad ɗinta, na ga kabewa ta nuna an ɗora mata kan mutum. Matan nan suka ce, "Kai, Iya, kin koma yarinya!" Kafin in waiga, Auta ta ninke baƙin zanena da majanyina ta jefa a akwati ta datse, ta rataya makullin a wuya.

"Na san halinki, Yaya. Sai an watse."

Ƙawata tana zaune a tabarma tana kallon duk abin nan. Na miƙa mata hannu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta buɗe baki ta tsala ihu, ta rarrafa bayan gado. Sai da na rufe mata ido da tafin hannu ina yi mata 'yar waƙar da nake mata a gida kafin ta yarda ni ce. Na ɗora ta a baya, na ɗaure da sabon zanen. Ban yi taku kaɗan ba na ji tana gangarowa. Na ɗaga ta na sake ɗaurewa, ta sake gangarowa. Yadin nan ba ya riƙe ƙulli, ba ya riƙe yaro, kanshi ma bai riƙe ba. Ta laluba bakinshi ta kai baki, ta tofar, ta kama ƙananan kuka.

Na fito tsakar gida, sai na ga abin da ya fi nawa. Gida cike da mata, dukansu ruwan ɗorawa, rana na dukan yadin yana mayar mata da martani. Baƙaƙe irina sun yi toka-toka, farare kamar masu ciwon shawara. Masu jiki kamar buhun da aka ɗaure da ƙarfi, sirara kuwa hannun rigar ya fi su girma. Gumi na gudu a ƙarƙashin yadin ba ya samun inda zai shiga. Akwai wata tsohuwa daga garin Boko da na sani tana ɗauko dammin itace daga daji ba ta ko dafa shi, ranar nan na gan ta a kan takalmin turmi tana bin bango kamar mai koyon tafiya. Masu tuwo sun ja da baya daga murhu, don in tartsatsi ya taɓa yadin sai ya narke ya bar huda, har abinci ya makara. Kuma duk wadda ta gamu da 'yar'uwarta sai ta ce, "Wallahi ya karɓe ki." Ita ma ta ce, "Ke ma haka." Ni ban taɓa ganin mata da yawa haka sun taru sun yarda su yi wa juna ƙarya da rana tsaka ba.

Haka na wuni, hannu guda na tallafe da yarinya, hannu guda na damƙe da ƙullin zane.

Bayan azahar aka ce mai hoto ya iso, kowa ya fito fili a jeru. Mata suka taso gaba ɗaya suna turereniya. A cikin turereniyar nan zanen ya kwance gaba ɗaya, na ji shi yana bin ƙafata. Ba yadda zan yi, sai na sauke ƙawata, na danƙa mata gefen zanen a hannu kamar yadda muke yi a gida, na ce, "Riƙe nan, ƙawata, kada ki saki." Na sa hannu biyu na ɗaure. Na ji ana jan zanen ta ƙasa, na ce madalla, tana nan. Taro ya tura ni gaba, ina tafe ana ja, ina tafe ana ja. Da muka kai inda ake jeruwa na sunkuya in ɗauke ta.

Sai na ga ɗa namiji, da aski da ɗan tukku a tsakar ka, majina har baki. Ya dube ni, na dube shi. Ya kwarma ihu, ni ma na kwarma salati.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Yaro ba ya ɗaga kai ya duba fuska, zanen uwarshi ya sani. Ranar nan kuwa zane guda ne a gidan kaf. Can wata tana janye da ɗiyar da ba tata ba, nan wata tana dungurin ɗan maƙwabciya tana zaton nata ne. Uwar mai tukku ta zo ta fizge abinta tana harara ta kamar ni na sato shi. Amma kowa ya samu nashi, ni ban samu tawa ba.

Na bi mata ina tambaya. "Kun ga yarinya, 'yar mitsitsiya, mai shuɗin baki?"

Wata ta ce, "Na gan ta, ta bi wata mai ruwan ɗorawa."

Na ce, "Allah Ya ba ki lada, kin taimaka ƙwarai."

Daidai nan wata babbar mota ta danna ƙaho a kan hanya, ƙarar har cikin ƙirjina. Na tuna ƙofar gidan a buɗe take, na tuna akwai rijiya a bayan madafa. Amanar mutane ce a hannuna, yarinyar da aka raba da nono aka ce ni ce uwarta. Na tattare zanen a hannu na nufi zaure da gudu. Auta ta sha gabana a kan takalmanta tana tangaɗi.

"Yaya, ina za ki? Ki tsaya a ɗauka tukuna, mai hoto sauri yake. Yarinya tana cikin gida, ina za ta?"

Na ture ta na wuce. Na fita bakin hanya, na duba gabas na duba yamma. Mai ƙosai a gindin bedi ta ce ba ta ga yaro ya fito ba. Na dawo na leƙa rijiya, murfinta na rufe, na yi hamdala. Na shiga ɗaki na fita ɗaki, ina ɗaga zannuwan mutane ina leƙa ƙarƙashin gado. Sai can ƙurya, bayan turken awaki, na zo wucewa ta wani ɗan ɗaki da aka saki asabarinshi. Na ji wani sauti a ciki, ɗan ƙaramin sauti, wanda duk macen da ta taɓa shayarwa ta san shi. Sautin haɗiya.

Na ɗaga asabari. Ɗiyata na zaune a ƙasa ta jingina da bango, rigar ankon a naɗe har wuya, ɗinkin hammata ya ɓarke. Ƙawata na kan cinyarta ta kama nono da hannu biyu, ido a lumshe.

Daga baya na ji yadda aka yi. Nono ya cika mata tun da aka ɗauke yarinyar, rigar kuma ta matse ta har ta kasa numfashi. Ruwan ya yi ta tsatsowa, yadin ba ya sha, sai ya bi jikinshi yana gangara. Ta gudo ɗakin nan don ta sassauta. Ita kuwa yarinya, da ta rasa baƙin zane ta rasa ƙamshin shuni, sai ta bi ɗaya ƙamshin da ta sani a duniya. Auta ta yi lissafin ido, ta mance yaro da hanci yake neman uwarshi.

Ni da ɗiyar fari ba mu magana ido da ido. Na juya na fuskanci asabari na ce, "A tambayar mani mai ɗakin nan, haka muka yi da ita?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yarinyar, ta ce da ƙasa, "A ce wa Iya ban kira ta ba. Shigowa ta yi ta kama. Na ɗaga hannu in ture ta, hannun ya ƙi."

Na tsaya. Rabin zuciyata na godiya ga Allah da yarinyar ba hanya ta bi ba, rabi na tafasa. Duk kukan da muka sha, duk kunun da aka zubar, duk ya tafi a banza saboda hoto. Na ce wa asabari, "A ce mata ta bar ta ta ƙoshi, tunda an riga an fara. Ina zuwa."

Na koma fili. An jeru, mai hoto ya sa ido a na'urarshi yana cewa a matsa hagu. Na ratsa ta gabanshi na tsaya a gaban Auta.

"Ba ni makulli."

Ta yi ƙasa da murya. "Haba Yaya, a gaban baƙi?"

"Kin ga hannun nan nawa? Shi kaɗai ke riƙe da zanen nan tun safe, kuma ya gaji. Ko ki ba ni makulli, ko in sake shi, mai hoto ya ɗauka ku kai Katsina."

Ta san ni. Ta cire makullin daga wuya ta miƙo, ba ta dube ni ba.

Rigar ta ƙi fita kamar yadda ta ƙi shiga, sai da na sa wuƙar yankan kuɓewa na tsarge ta. Ta bar mani jan zobe a kowane damtse. Na ɗaura baƙin zanena, na ja numfashi har ƙasan ciki, na ji na dawo cikin jikina. Da na koma ɗakin ƙurya ƙawata ta yi barci. Uwar ta zare ta a hankali ta ɗora mani a baya, na ja majanyi na ɗaure, ya zauna daram. Cikin barcin nan ta laluba ta kamo bakin zanen ta kai baki.

Ban tsaya cin tuwo ba, don so nake mu yi nisa kafin ta farka. Na dai biya ɗakin amarya, don abin da ya kawo ni ke nan. Na ce mata ta riƙe salla, ta yi haƙuri da mutane, ta riƙe sirrin ɗakinta, kuma ta riƙa sa tufar da za ta zauna a jikinta ba sai ta riƙe ta da hannu ba. A zaure wata daga dangin ango ta dube ni cikin baƙi ta tambayi ta kusa da ita ko maƙwabciya ce ta zo ɗibar wuta. Na ji, na wuce. Na kama hanyar Mawashi a ƙasa har wani mai amalanke ya rage mana hanya.

Yaye na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Yanzu ta san uwarta na nan a wani wuri, kuma in an nema ana samu. Duk macen da ta yi sallama a gidanmu sai ta je ta shinshina ta, in ba ita ba ce ta faɗi ta yi ta birgima. Cikinta ya ɓaci, ta zube har wuyanta ya fito. Ni na ce nonon ne. Yaran yanzu da suka yi karatu sun ce zafi ne da ruwan gidan biki. Ko ma wanne ne, ni na yi jinyar. Zanen nan ban wanke shi ba, ban canza shi ba, da shi nake kwana da shi nake tashi, don kada ƙamshin ya gushe ta rasa abin kamawa. Sai da sabon gero ya fito aka fara gasa tumu, ranar nan ta fizge zangarniya daga hannun kakanta ta kama gurgura, na san yaye ya kama.

Auta ta yi fushi, ba ta tako Mawashi ba sai bayan an ida girbi. Da ta zo, da hoton ta zo, wai in ga abin da na rasa. Na karɓa na duba. Ashe hoton zamanin baƙi da fari ne, ruwan ɗorawar da aka sha wahala dominshi ko alamarshi babu. Kawuna ne jere a kan kumburarrun hannuwa. Na ce ta nuna mani kanta. Ta ɗora yatsa a kan wata doguwa. Maƙwabciyarta da ta rako ta ta ce, "A'a, wannan ai ni ce, ke ga ki can." Suka kama gardama a tsakar gidana. Har Auta ta bar duniya ba a raba gardamar nan ba.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Auta ta ci gaba da bin yayi har furfura, mun shirya, mun sake ɓatawa a kan wani ankon, mun sake shiryawa. Da ta rasu, Allah Ya jiƙanta, muka buɗe akwatunanta muka iske tufafi jibge, kowanne sau guda aka sa shi, aka rasa wanda zai amsa ko sadaka. Ɗiyata ta sauka lafiya, ta samu namiji, yau ita ma kaka ce, har an fara kai mata yaye. Amarya tana Katsina da 'ya'yanta. Telan nan an ce ya koma Kano ya buɗe babban shago, Allah Ya kyauta wa matan can. Mai tukku ya girma yana jan bas a kan hanyar, in na shiga motarshi ba ya amsar kuɗina, sai ya ce wa fasinja, "Wannan uwata ce ta rabin yini." Masaƙina ya rasu ba wanda ya gaje shi, ramukan marina sun cike da shara, baƙaƙen zannuwan da suka rage mani ina lallaɓa su kamar ƙwai.

Yadin nailan kuwa, maigidanmu ya yayyaga shi ya ɗaura a sanduna cikin gero don korar tsuntsaye, kuma a nan ya yi aikin da ya dace da shi. Damina ta yi ta dukanshi bai ruɓe ba, gara ta ƙi shi, akuya ta shinshina ta wuce.

Saura ƙawata. Ta girma, ta yi aure, tana da shago a bakin tashar Kankiya. Kun san abin da take sayarwa? Anko. Duk bikin da za a yi a dangi sai ta shigo da ƙunshi a hammata, tafiyarta sak ta Auta, ta ce, "Ƙawata, ga naki, wannan kam zai karɓe ki." Ni kuma in ce ta buɗe baki in ga ko shuɗin ya ida fita. Ta yi dariya, ta aje ƙunshin, in tura shi ƙarƙashin gado wurin 'yan'uwanshi.

Nan na sauke. Ga kunnuwanku, na mayar. Wata ta miƙo mani buta, la'asar ta yi.